Ranar da Baba Silin Ya Canja Riga

Baba Silin mai fenti ne, kuma ko a cikin masu fentin shi na sama ne. Bango, in ji shi, ko wanda ya fara riƙe buroshi jiya zai iya shafawa. Aiki yana silin, inda za ka ɗaga hannu tun safe, wuya a tanƙware, fenti yana ɗigo maka a gira, kuma in ka bar layi ɗaya mai gidan zai riƙa ganinsa duk lokacin da ya kwanta rigingine. Tun yana saurayi abokan aikinsa suka gane ba ya gudun saman, sai suka sakar masa, su suka riƙe ƙasa. Da Silin kawai ake cewa, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba.

Dogo ne, marar jiki, mai tsadar magana. In ka gaishe shi zai amsa, in ka tambayi iyali zai ce lafiya, daga nan kuma sai ka nemi wani abokin hirar. Ba ya cewa a miƙo masa abu. Gara ya sauko daga tsani ya ɗauki tsumma ya sake hawa, da ya buɗe baki ya roƙi na ƙasa. Sai kuma tsabta, wadda har ta so ta yi yawa. Kayan aikinsa in ka gani sai ka rantse a bokitin fenti ake wanke su, amma da an tashi zai zagaya bayan gini da sabulu da kananzir, ya goge har ƙarƙashin farce, ya fito da riga fes kamar ma'aikacin banki. A ganinsa mai fentin da aka gane sana'arsa a cikin motar haya bai gama koyon aiki ba. Ɗigo ɗaya a rigar gida ya isa ya hana shi sukuni.

Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, a wani layi da mota ba ta shiga sai da dabara. Matarsa, wadda shi da 'yan layin duk Maman Yara suke ce mata, tana da tebur a ƙofar gida, tana sayar da sabulu da ashana da gishiri da irin ƙananan abubuwan da kan yanke wa mace tana tsakar girki. Sun doshi shekara arba'in tare. Maƙwabta ba su taɓa jin faɗansu ba, kuma in za a faɗi gaskiya ba su taɓa jin hirarsu ba. Yana fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo rana ta faɗi, ya ci abinci, ya kunna rediyo. Maganarsu ba ta wuce an kawo wuta, famfo bai zo ba, wane ya bugo yana gaisuwa. Da yaran suna gida su ne ke cika wurin da surutu. Da suka girma suka watse, sai kowa ya ja ɗakinsa, ba da fushi ba, don dai ga ɗaki ya samu.

Kafaɗar dama ta daɗe tana yi masa kashedi. Da farko tsami take yi da yamma, ya shafa man zafi ya kwanta. Daga baya ta fara tashinsa daga barci in ya juya a kanta. Bai gaya wa kowa ba, don a wurinsa ciwon da bai kwantar da mutum ba gajiya ce. Ran nan yana kan tsani a wani sabon gida, ya ɗaga rolar shafa fenti zai kai kusurwa, sai ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin kafaɗar, hannun ya sauko da kansa. Ya sake gwada ɗagawa, hannu ya ce bai san zancen ba. Da wani ne da ya sauko ya nemi asibiti. Shi kuwa sai ya mayar da rolar hannun hagu ya ƙarasa ɗakin, ya wanke kayan aikinsa, ya tafi gida ya ce wa Maman Yara yana jin gobe ba zai fita ba. Jin haka ta san abin babba ne, ta ɗauko mayafinta.

A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya nuna musu inda jijiyar da ke ɗaga hannu ta rabu da ƙashi. Ya ce ta daɗe tana cinyewa, ranar dai ta ƙarasa ne. Aka yi masa aiki aka ɗinke ta, aka rataye hannun a ƙirji da maratayi mai madauri ɗaya a wuya, ɗaya a ƙugu. Da za a sallame su likitan ya juya ga Maman Yara, don ya lura ita ce mai sauraro, ya ce makonnin nan masu zuwa hannun ba na Baba ba ne. Ba ɗagawa, ba miƙawa, ba kai shi baya. In ɗinkin ya saki sai an sake buɗewa, kuma na biyu ba ya kamawa kamar na farko. Wata nas ta koya mata saka riga: hannun ciwo shi ake fara sakawa, in za a cire kuma shi ne na ƙarshe.

Sai dai ciwon ya zo a kan gaɓa. 'Yar autarsu tana aure a wani gari mai tafiyar wuni guda, ga ta da tsohon ciki, kuma an ce mata biyu ne. Mijinta direban babbar mota ne, yana fin yawan kwana a hanya, uwarsa kuma ta rasu. Tun cikin yana ƙarami Maman Yara ta yi wa Auta alkawarin za ta je ta zauna da ita. Ranar da suka dawo daga asibiti, tana gyara masa filo a bayansa, don a zaune aka ce ya riƙa barci, sai ta faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba.

"Malam, na gaya wa Auta sai ka samu sauƙi. Abinci matar maƙwabcinmu Tela ta ce za ta riƙa aiko maka, wanki ma akwai mai yi. Rigar ce ba wanda zai zo kullum da safe ya saka maka. Ranar da ka iya sakawa da kanka, washegari zan kama hanya."

"Ni ba na riƙe mutum," in ji shi. "Ki ba ni mako ɗaya."

Ta dube shi, ta dubi hannun da ke rataye.

Safiyar farko ido ya raina fata. Ya tashi da niyyar kafin ta shigo ya gama, sai ya tarar ko madaurin maratayin da ke bayansa ba zai iya kwancewa ba. Ta same shi a bakin gado yana gumi. Ta kwance, ta riƙe gwiwar hannun da tafinta, ta ce ya sunkuya gaba ya saki hannun ya yi lilo. A haka ta goge masa hammata da jiƙaƙƙen tsumma, ta tsane, ta zura hannun rigar daga yatsu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa kafaɗa a hankali, ta zagaya da rigar ta bayansa ya saka na hagu. Sannan ta tsaya a gabansa tana saka maɓallai. Shi kuwa ya kafe idonsa a silin ɗin ɗakin, wanda shi ya yi masa fenti, yana nemansa da aibi. Da aka zo kan wando ya ce wannan kam ta bar masa. Ya ja shi da hannu ɗaya har ƙugu, ya saki don ya kama mazagi, wando ya koma inda ya fito.

"An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji Maman Yara, tana durƙusawa. "Ashe ko wando ma ba ya ɗaurewa."

Bai yi dariya ba. Tun da ya yi wayo babu wanda ya taɓa ɗaure masa wando, kuma ranar bai ci abincin kirki ba don takaici.

Dogayen rigunansa na zurawa ta ka duk ta kwashe ta kai wa Tela, maƙwabcinsu na jikin katanga, ya tsaga su ta gaba ya jera musu maɓallai. Tela da kansa ya kawo su, ya tsaya a bakin ƙofa yana tsokana, wai yanzu Baba Silin ya zama ɗan gata, ana saka masa riga kamar jariri, saura a goya shi. Baba Silin ya ce ya gode da ɗinki, a muryar da ta sa Tela ya tuna ya bar keken ɗinki ba kowa.

A makonnin farko ya ɗauki abin kamar kwangila ce da dole a gama ta kafin wa'adi. Da ta fita wurin teburinta sai ya rufe ƙofa ya hau gwaji. Ya samo sandar rolarsa ya kafa mata ƙusa a baki ya lanƙwasa, wai da ita zai riƙa jawo riga ta baya. Sandar ta yage masa riga ɗaya, a ta biyu kuma ya manta ya kai hannun dama zai cafko kwala, wani zafi ya soke shi har sai da ya zauna a ƙasa yana ganin duhu-duhu. Da suka je sashen gashi, inda ake koya wa marasa lafiya motsa gaɓoɓi, ma'aikaciyar ta taɓa kafaɗar ta ji ta ɗau zafi, ta tambaye shi abin da ya yi. Ya ce ba komai. Maman Yara ta ba da labarin sanda. Matar nan, wadda ba ta girmi Auta ba, ta wanke shi tas cikin ladabi, ta ce in yana son komawa ɗakin tiyata ya faɗa mata ta nema masa layi. Da suka dawo gida Maman Yara ta ba Tela ajiyar sandar.

Daga nan ya saduda. Kullum da safe zai zauna a bakin gado, ta shigo da ruwan ɗumi da riga a kafaɗarta. Mutum biyu kuwa ba za su tsaya fuska da fuska, numfashin wannan yana taɓa wannan, su yi ta shiru kullum ba. Ita ta fara. Tana saka maɓalli tana ba shi labarin layi: wa ya tashi, wa ya tare, wace ce ke sayen ashana tsinke-tsinke kamar magani. Wata rana ta ce masa ta taɓa shiga wani asibiti ta ɗaga kai ta san aikinsa ne tun kafin a gaya mata, don shi kaɗai ke bin kusurwa da ƙaramin buroshi. Bai taɓa sanin tana kallon aikinsa ba. Washegari shi ma ya ba ta labarin ranar da tsani ya zame da shi ya rataye a ƙarfen fanka yana wutsil-wutsil da ƙafa, abin da ya faru tun Auta tana goye. Ta yi dariya har ta saka maɓalli a ramin da ba nasa ba, sai da aka kwance aka sake.

Ya daina kallon silin. Da yake ya fi ta tsawo ko a zaune a wannan dogon gadon, sai ya riƙa kallon kanta. Ya ga furfura ta cika gefen da ɗankwali bai rufe ba. Ya ga in za ta tashi daga durƙuso sai ta dafa gwiwar hagu ta ɗan cije leɓe. Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce ai an daɗe, tun kafin auren Auta. Ya ce ga man zafinsa can a taga ta riƙa shafawa. In ta gama takan daidaita masa kwala, ta share kafaɗar lafiyar da tafin hannu sau ɗaya kamar mai kore ƙura, ta ce, "To, an gama." Wannan 'yar shafawar ya fara jira tun daga farkawa.

Ana haka Auta ta haihu. Aiki aka yi mata aka ciro yaran, mace da namiji. Mijin ya kwana biyu ya koma hanya, don mota ba tasa ba ce. Wata maƙwabciya ke leƙa ta safe da yamma. Kullum in sun yi waya Auta takan ce, "Mama, ki zauna da Baba, ni lafiyata ƙalau," amma a bayan muryarta ana jin kukan jarirai, ɗaya na ajiyewa ɗaya na ɗauka. Maman Yara ta daina saro kaya. Sabulu ya ƙare ba ta ƙaro ba, gishiri ya ƙare ta ce wa masu saye su gwada gaba. Baba Silin yana zaune a tsakar gida yana kallon teburin yana ramewa. Wata safiya ya tambaye ta, kamar ba da wata manufa ba, in ta je kwana nawa za ta yi.

"Kwana?" in ji ta. "Su biyu ne fa, Malam, ita kuma ga ɗinki a ciki. Sai dai in sun yi ƙwari. Wataƙila sai sun fara zama."

Bai san watan da jariri ke fara zama ba, don nasa duk yana kan tsani suka zauna, amma ya san ba kusa ba ne.

Ranar wata komawa sashen gashi Maman Yara ta tashi da ciwon gwiwa, ya ce ta huta zai je shi kaɗai. Ma'aikaciyar ta duba kafaɗar ta ce ɗinki ya kama, yanzu yana iya amfani da yatsun dama muddin gwiwar hannun tana manne da haƙarƙari. Ta sa shi ya kwance maratayin da kansa ta hanyar juyo da madaurin gaba. Ta sa ya cire riga, hagu da farko, ya bar ta ta sulale ta dama. Sannan ya sunkuya ya saki hannun, ya zura, ya jawo kwala ta bayan wuya da hannun hagu, ya nemi ɗaya hannun rigar ya samu. Maɓallan sun ba shi wuya, amma duk sun shiga. Ta sa ya maimaita, ya maimaita.

"Madalla, Baba," in ji ta. "Yau dai ka sallami Mama. Ka gaishe ta, ka ce na ce ta huta."

A hanya ya shirya yadda zai faɗa. Ya shigo ya same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana shafa man zafin nan nasa. Ta ce ya aka yi, ya ce sun ce a ci gaba da haƙuri. Maganar ta fita tun kafin ya yi shawara da kansa. Washegari ya zauna a bakin gado kamar kullum, ta shigo da ruwan ɗumi, ya sunkuya ya saki hannu. Ya ji kunya, kuma ya ji daɗi, daɗin ya fi yawa.

Wannan mutum ne da bai taɓa shafa fenti sau ɗaya ya ce sau biyu ya yi ba, ko mai gida yana wata ƙasa. Sai ga shi da tsufansa yana ɗan yamutsa fuska in rigar ta kai kafaɗa, alhali zafin bai kai na yamutsa fuska ba. Ba ya son ta tafi, iyakarta ke nan. Ya san in ta tafi gidan zai koma shi da rediyo, kuma yana tsoron ko ta dawo kowa zai sake jan ɗakinsa, tunda babu sauran rigar da za ta haɗa su. Faɗa da baki kuwa bai ma zo masa a rai a matsayin abin da ake yi ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Wata yamma Auta ta bugo, wannan karon ba ta ce lafiyarta ƙalau ba. Zazzaɓi ya kama ta, gefen ɗinkin yana ruwa, maƙwabciyar kuma ta yi tafiya. Yana daga ɗaki yana jin Maman Yara tana cewa, "Yi haƙuri, Auta, yi haƙuri, ki samu ko wa ye ya raka ki asibiti. Babanki ya kusa." Da ta kashe wayar ta daɗe a bakin famfo tana wanke fuska. Ya ce a ransa gobe da safe zai faɗa. Da safe ta shigo idonta a kumbure, duk da haka ta goge masa hammata a hankali kamar kullum, ta daidaita kwala, ta shafi kafaɗa. Ya ce a ransa gobe.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuwa miya ce ta ƙure shi. Da hantsi ta saka masa farar riga ta tafi kasuwa sayen kayan jarirai, ta bar masa abinci a rufe. Da rana ya zauna ci da cokali a hannun hagu, wanda har yanzu bai gama sanin hanyar baki ba. Cokalin ya karkace, miya ta ɗiga a ƙirjin rigar, ja wur da mai. Abin da ya biyo baya babu tunani a cikinsa. Duk mai fenti ya san tabo tun yana ɗanye ake kama shi. Ya juyo da madauri ya kwance maratayi, ya ɓalle maɓallai, ya cire hagu, riga ta sulale ta dama. Ya tsoma ta a bokiti, ya goga sabulu a wurin, ya bar ta ta jiƙa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko shuɗiya ya saka, ya ɓalla har wuya, ya mayar da maratayi. Ya dawo ya ƙarasa abincinsa yana sunkuyawa sosai a kan kwano, ransa fes, ya kunna rediyo.

Da la'asar ta dawo da leda biyu. Ta yi sallama ya amsa. Ta ajiye ledojin, ta miƙe, sai ta tsaya tana kallon ƙirjinsa. Sai a lokacin ya sunkuyar da kai ya ga shuɗi. Ta juya ta ga bokiti, farin hannun riga yana leƙowa ta bakinsa.

"Tela ne ya shigo?" in ji ta.

Da ya ce e, da an wuce wurin, ko da na yini ɗaya ne. Amma yin shiru daban, ƙaga wa maƙwabci aikin da bai yi ba daban.

"Ba wanda ya shigo."

"Kai ka saka?"

"Ni na saka."

Ta matso ta duba maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ga kowanne a raminsa, ta duba madaurin ƙugu ta ga ya ɗauru daidai. Aikin ba na mai koyo ba ne.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na je asibiti ni kaɗai."

Ta nemi kujerar tsakar gida ta zauna. Da ta tashi magana ba ta ɗaga murya ba, don ko yanzu ba ta son maƙwabta su ji.

"Malam, kana ji yarinyar nan tana kuka a waya. Kana ji. 'Yarka ce fa, ba tawa ni kaɗai ba. An tsaga mata ciki, tana tashi da jariri a kowane hannu ba mai miƙo mata ko ruwa, ni kuma ina nan ina durƙusa da wannan gwiwar ina ɗaure maka wandon da ka iya ɗaurewa. Me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa?"

Ya kalli bokiti, ya kalli ƙasa. Maganar gajera ce, amma sai da ya yi kamar zai ɗaga buhun siminti.

"Ba na so ki tafi."

Ta dube shi kamar wani baƙo ne ya shigo gidan. Ya ga maganar ta shige ta, ya ga kuma ba ta rage mata ɓacin rai ba.

"Shekara nawa ina cikin gidan nan," in ji ta, "ban taɓa jin ka ce zauna ba. Ko sau ɗaya. Da na ce zan tafi ma cewa ka yi ba ka riƙe mutum. Da ka faɗa min da bakinka, da na san yadda zan yi. Ko in je in dawo, ko in ɗauke ka mu tafi tare, ko in je in ɗauko ta. Duk ana yi. Sai ka zaɓi ka riƙe ni da ƙarya, yarinya ta biya."

Ta tashi ta shiga ɗakinta, ya ji tana jawo jaka daga ƙarƙashin gado. Can ya ji ta bugo wa Auta tana cewa gobe war haka tana wurinta.

Da safe ya zauna a bakin gado. Ya san ba za ta shigo ba, amma ya zauna. Ta wuce ta ƙofar da jaka a hannu, ta ce ba tare da ta leƙo ba, "Ka shirya in za ka raka ni, mota ba ta jira." Ya sunkuya ya saki hannu, ya saka rigarsa.

A tasha ya riƙe mata ƙaramar leda da hannun hagu, har aka ɗora jakar a saman mota. Ta samu wurin taga. Ta gaya masa inda ta ajiye maganinsa, ta ce kada ya fasa zuwa gashi, kada kuma ya karɓo sandar nan daga wurin Tela. Ya ce to. Motar ta cika, ana rufe ƙofa, direba ya tayar. Ya matso jikin tagar.

"Maman Yara, yaushe za ki dawo?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Ka bugo ka tambaye ni. Waya dai da hannu ɗaya ake riƙe ta."

"In na bugo za ki faɗa min?"

"Ka yi ta bugowa kana tambaya. Ni ma ina so in ji yadda abin yake."

Motar ta ja, ta bi layin fita a hankali saboda masu talla, ta hau titi. Baba Silin ya tsaya har ta ɓace. Sannan ya laluba aljihun hagu ya ciro wayar, ya tsaya da ita a hannu a tsakiyar tasha, yana tunanin ko ya yi wuri.